Manhajar Geocaching a kan turbar keke da ta ƙafa

Manhajar Geocaching za ta kai ka kusa da ajiya, tazarar mita 5 zuwa 10, daga nan sai ta bar ka da idonka. Wanda ya san haka tun ranar farko zai ji daɗinta. Wanda ya ɗauka kibiyar da ke kan fuskar waya za ta ɗora masa hannu a kan gwangwanin, zai yi ta kewaya gindin bishiya ɗaya har la'asar, ya koma gida yana cewa wasan ƙarya ne. Wannan nazari na masu keken hawan dutse ne da masu tafiyar ƙafa a daji, domin abin da manhajar ke yi a lambun shaƙatawa na tsakiyar gari daban yake da abin da take yi idan sabis ya ɗauke, ganye ya rufe sama, ga kuma keke a hannu.

Wasan kansa ba shi da wuyar ganewa. Wani zai samu gwangwani ko akwatin roba mai murfi, ya sa takardar sa hannu a ciki, ya ɓoye a waje, ya ɗauki lambobin wurin da GPS, ya wallafa. Kai kuma ka bi lambobin, ka gano, ka rubuta sunanka da kwanan wata, ka mayar daidai yadda ka tarar. Abin da aka ɓoye shi muke kira ajiya. Ba kuɗi a ciki, ba zinariya. Ladan shi ne ganowar, da kuma wurin da aka jawo ka, wanda da ba don ajiyar ba, da wucewa za ka yi.

Asalinsa watan Mayu ne na 2000. Kafin nan, da gangan gwamnatin Amurka take gurɓata siginar GPS da farar hula ke samu, har kuskure yakan kai mita 100. Ranar 2 ga Mayu aka daina, bisa umarnin Shugaba Bill Clinton, washegari kuwa Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokiti a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya wallafa lambobinsa: N 45° 17.460 W 122° 24.800. A watan Satumba na shekarar Jeremy Irish ya buɗe shafin Geocaching.com, wanda kamfanin Groundspeak na birnin Seattle ke riƙe da shi, shi da manhajar. Yau rumbunsu yana da ajiya sama da miliyan 3 a ƙasashe fiye da 190.

Wannan rumbun shi ne jarin manhajar, kuma babu mai kamo ƙafarta a nan. Kowace ajiya tana da lambar shaida da ke farawa da harufan GC, kuma ba a wallafa ta sai wani ɗan sa-kai ya duba ya ga ta cika ƙa'ida. Biyu daga cikin ƙa'idojin suna da amfani kai tsaye ga mai nema. Ta farko, ba a binne ajiya. Idan ka ga kana neman abin tona ƙasa, to ka kuskure wurin. Ta biyu, dole a bar tazarar mita 161 tsakanin ajiya da ajiya. Shi ya sa a wasu turbobin za ka ga jerin ajiya a kan taswira kamar carbi, kowace a gaban 'yar uwarta da ɗan taƙi kaɗan.

To, amma ga inda gizo ke saƙa. Saukar da manhajar kyauta ne, buɗe asusu kyauta ne, sai dai mai asusun kyauta ajiya ta gargajiya kawai yake iya buɗewa a cikinta, wato wadda gwangwanin yake daidai kan lambobin da aka wallafa, tare da tarukan masu wasan. Ko ta gargajiyar ma, sai wadda makinta bai wuce 2 ba. Kowace ajiya tana da maki iri biyu daga 1 zuwa 5, ana hawa da rabi-rabi: makin wuyar ganowa, da makin wuyar hanya. A wuyar ganowa, 1 na nufin 'yan mintoci, 2 kuma tana iya cin rabin awa. A wuyar hanya, 1 wuri ne da keken guragu zai isa. 2 turba ce bayyananniya, ba hawa mai yawa, tafiyar ba ta wuce kilomita 3 ba. 2.5 akwai ɗan hawa da gangara ko ciyawa matsakaiciya. 3 kuwa, bisa ma'aunin kamfanin, hanya ce da tuƙa keke zai yi wuya saboda tudu ko sarƙaƙiya. 5 sai da kayan aiki na musamman, kamar igiyar hawa ko kwalekwale.

Ka ga matsalar. Turbar keken dutse da turbar hawan tsauni, ɗabi'arsu ce hawa da gangara, don haka da yawa daga ajiyoyinsu masu 2.5 ne zuwa sama. Mai asusun kyauta zai ga alamarsu a taswira, ya taɓa, manhajar ta ce sai ya shiga tsarin Premium, wato na biyan kuɗi. Wato ajiyar da ta fi dacewa da mai keke da mai tafiyar daji ita ce aka sa wa kwaɗo. A ganinmu wannan shi ne babban aibin manhajar ga irin waɗannan mutane, kuma ya kamata a faɗa wa sabon shiga tun kafin ya fita. Akwai sauƙi ɗaya da mutane da yawa ba su sani ba: a shafin intanet, asusun kyauta yana buɗe duk ajiyar da mai ita bai keɓe wa 'yan Premium ba, ko da makinta 4 ne. Kana iya karanta bayanin a gida, ka kwafe lambobin, ka shigar da su wata manhajar taswira ko na'urar GPS. Aiki ne, amma yana yi.

Abu na biyu da Premium ke buɗewa ya fi na farko muhimmanci a daji: sauke jerin ajiya da taswira cikin waya don amfani ba tare da data ba. GPS ba ya buƙatar sabis, saƙo yake karɓa daga tauraron ɗan'adam kai tsaye. Amma taswira da bayanin ajiya da alamar taimako, wato ɗan hasken da mai ajiya ke bayarwa kan maɓoyarta, duk daga intanet suke zuwa. Idan sabis ya ɗauke ba ka sauke komai ba, za ka ga ɗigon da ke nuna inda kake a kan fili fayau, ba turba, ba rafi. Taswirar turbobi ta manhajar, wadda ta dogara da bayanan OpenStreetMap, taswirar da 'yan sa-kai ke zanawa, ita ma ta 'yan Premium ce, kuma ita ce ke nuna ƙananan hanyoyin ƙafa da taswirar titi ba ta san da su ba.

Fita mai kyau a gida ake shirya ta. Ga ranar farko, ka zaɓi ajiya 4 ko 5 a kan turba ɗaya da ka riga ka sani, duk na gargajiya, wuyar ganowa 1 zuwa 2, girma kuma ƙarama ko matsakaiciya. Sannan ka karanta rahoton waɗanda suka riga ka zuwa, domin nan gaskiyar take. Duba ranar da aka gano ta na ƙarshe. Idan mutum uku ko huɗu a jere sun rubuta ba su samu ba, ka tsallake ta, ƙila ruwa ya tafi da ita ko wani ya ɗauke. Idan kowa yana cewa lambobin sun karkata mita 8 zuwa gabas, ka yarda da su. Duba kuma ƙananan alamomin da mai ajiya ya sa: an yarda da keke ko an hana, tafiyar ƙasa da kilomita 1 ce ko tsakanin 1 da 10 ko fiye, akwai ƙaya, kaska, ko dabbobi masu haɗari. Amma alamar keke maganar mai ajiya ce kawai. Allon da hukumar dajin ta kafa a bakin turba shi ne doka, idan ya ce ba a shiga da keke to ba a shiga. Wasu masu ajiya kan ƙara lambobin wurin ajiye mota da na bakin turbar da ta dace. Kada ka raina waɗannan, sukan rage maka yawon awa guda.

A bakin turba, tun da sauran sabis, ka buɗe manhajar ka tsaya a sarari minti ɗaya ko biyu har ta kama wuri sosai. Waya tana ɗauko bayanin inda taurarin suke ta intanet cikin daƙiƙu, amma idan sai ta jira shi daga taurarin kansu, ƙarƙashin ganye, tana iya ɗaukar mintoci. Bayan ta kama, ka sa ta a yanayin jirgin sama. Neman sabis inda babu shi yana shan batir ƙwarai, kuma a wayoyin zamani GPS yana ci gaba da aiki a wannan yanayi. Hasken fuska shi ne ɗaya barden shan caji, don haka a kashe shi tsakanin ajiya da ajiya. Fawa banki mai 10,000 mAh da gajeriyar waya sun ishi yini guda.

Yanzu kibiya. Manhajar tana ja maka layi miƙaƙƙe daga inda kake zuwa ajiya, tana faɗa maka tazarar kamar yadda tsuntsu zai tashi. Ba ta san da kwazazzabo ba, ba ta san da rafi ko shingen gona ba. Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ya ga mita 200 ta hannun dama, ya bar turba ya faɗa cikin sarƙaƙiya, alhali turbar tana lanƙwasawa a gaba ta wuce mita 5 daga wurin. Mai ajiya mutum ne kamarka, a kan turba ya zo, ɗauke da gwangwani. Ka zauna kan turba kana kallon lambar tazarar tana raguwa. Sai ta daina raguwa ta fara ƙaruwa, ko kibiyar ta juya ta nuna gefe sosai, sannan ka yi tunanin sauka. A turba mai zigzag ta hawan tudu lambar za ta yi ta raguwa tana ƙaruwa sau da yawa, kuma ajiyar da take mita 30 a taswira tana iya zama hawa biyu sama da kai. Yanke hanya a irin wannan wuri yana zaizaye ƙasa, yana kuma buɗe sabuwar turbar da ba a so.

Mita 10 na ƙarshe su ne wasan. Wayar kirki a fili buɗaɗɗe takan yi kuskuren mita 3 zuwa 5. Ƙarƙashin bishiyoyi masu duhuwa, ko kusa da bangon dutse inda sigina ke bugawa ya dawo, kuskuren yakan haura mita 10. Na'urar mai ajiya ita ma ta yi nata kuskuren ranar da ya ɗauki lambobin, sai a haɗa biyu. Su kansu lambobin, adadi na ƙarshe a cikinsu yana daidai da kusan mita 1.85 ta kudu da arewa, saboda haka babu wurin da za a ce shi ne daidai sifili. Wayoyi masu karɓar sigina biyu, L1 da L5, kuma suna haɗawa da taurarin wasu tsare-tsare irin GPS, wato Galileo, GLONASS da BeiDou, sun fi natsuwa a duhuwa, amma ba su kawar da matsalar ba. Dabara mai aiki ita ce ka tunkari wurin da tafiya a natse, ka lura inda lambar ta fi ƙanƙanta, ka koma baya mita 20 ka sake tunkara ta wata fuskar. Inda layukan biyu suka haɗu, nan ne tsakiyar bincikenka. Sai waya ta koma aljihu.

Daga nan tambaya ɗaya ce: da ni ne, ina zan sa? Kogon itace, gindin kututture, ƙarƙashin leɓen dutse, bayan allon turba, cikin bututun shinge. Daji ba ya jera itatuwa huɗu gefe da gefe, ba ya ɗora duwatsu uku tsaf a gindin bishiya. Duk abin da ya yi kama da aikin hannu, ka duba shi. Ka fara da ido, sannan sanda, hannu ne na ƙarshe, domin ramin da ya dace da gwangwani ya dace da maciji da kunama da zuma. Ka ba kanka minti 10 kafin ka buɗe alamar taimako, wadda manhajar ke ɓoyewa sai ka taɓa. Wannan tsari nata yana da kyau. Hotunan da masu nema suka ɗora kuwa sukan tona asirin gaba ɗaya, a bar su sai an rasa yadda za a yi.

Mai keke yana da nasa matsalolin. Maƙalin waya mai maganaɗisu, da ƙarfen kan keke, suna rikita kamfas ɗin waya, sai kibiya ta nuna baya alhali ajiya tana gaba. Idan haka ta faru, ka cire wayar, ka matsa daga keken, ka juya ta a iska kamar kana zana lamba 8 sau uku ko huɗu. Mafi kyau ma, a gangara mai duwatsu wayar ta zauna cikin jaka. Kallon fuskar waya a kan turba mai saiwoyi hanya ce ta faɗuwa, jijjigar kuma ba ta yi wa wayar daɗi. Ka duba tazara a tsaye, ka ƙiyasta, ka tuƙa, ka sake tsayawa. Manhajar ba a gina ta don mai gudu ba, rubutunta ƙanana ne, maɓallanta ba sa jin safar hannu mai kauri.

Wurin tsayawa ma abin lura ne. Kada ka tsaya a bayan kwana inda mai tahowa ba zai hango ka ba, ko a ƙasan gangara inda ake sauka da gudu. Ka ɗaga keken gaba ɗaya daga kan turba ka jingine shi. Idan ajiya ta wuce mita 30 daga turba, ko dai ka tura keken ta inda ba za ka tattake tsiro ba, ko ka sa masa sarƙa, ko ɗaya daga cikinku ya tsaya da kekuna. Takalmin keke mai ƙarfe a tafi yana santsi a kan dutse, musamman jiƙaƙƙe. Lissafin lokaci kuma ya canza: idan kowace ajiya ta ci minti 8, ajiya 10 sun ƙara awa 1 da minti 20 a kan tafiyarka. Jerin nan mai kama da carbi ya fi dacewa da mai ƙafa. Mai keke da zai sauka kowane mita 161 ba zai ji daɗin keken ba, gara ya zaɓi 3 ko 4 a wuraren da dama zai huta: saman tudu, mahaɗar turba, bakin ruwa.

Girman ajiya yana gaya maka abin da idonka zai nema. Mafi ƙanƙanta ba ta kai mililita 100 ba, wata ma kamar kan ɗan yatsa take, maƙale da maganaɗisu a jikin ƙarfe. Ƙarama tana tsakanin mililita 100 da lita 1, matsakaiciya lita 1 zuwa 20, babba ta wuce haka. Mafi ƙanƙanta a cikin daji azaba ce ga sabon shiga, a bar ta sai ido ya goge. Biro kuwa dole ne, domin ƙananan ba su da abin rubutu, kuma ƙa'idar wasan ita ce sai ka sa hannu a takarda kafin ka rubuta a intanet cewa ka samu. Mai ajiya yana da ikon goge rahoton da ba sa hannu. Ka haɗa da fensir don takardar da ta sha danshi, hantsaki don zaro naɗaɗɗiyar takarda daga ƙaramin bututu, ƙaramar tocila, safar hannu, da leda ɗaya ta kwashe shara. Duk wannan zai shiga jakar ƙarƙashin sirdi tare da kayan faci.

Manyan ajiyoyi sukan ƙunshi 'yan tarkacen musaya. Idan ka ɗauka, ka ajiye wanda ya kai shi ko ya fi shi. Ba a sa abinci ko wani abu mai ƙamshi, dabbobi za su fasa akwatin, ba a kuma sa wuƙa ko ashana. Idan ka ga ƙarfe ko wani abu kamar kwabo mai ɗauke da lambar bibiya, wannan ba na musaya ba ne, matafiyi ne da mai shi ya saki don ya yi ta yawo daga ajiya zuwa ajiya. In ka ɗauke shi, ka shigar da lambar a manhaja, ka sauke shi a wata ajiyar cikin mako biyu ko makamancin haka, kuma kada lambar ta fito a hoton da za ka ɗora.

Sashen rubuta rahoto yana cikin abin da manhajar ta iya. Taɓawa biyu ko uku ka gama, kuma idan babu sabis kana iya adana shi a matsayin daftari ka tura daga baya. Abin da muke roƙon sabon shiga shi ne ya rubuta rashin samu kamar yadda yake rubuta samu. Masu wasan suna kiransa DNF, kuma ba abin kunya ba ne. Da shi ne mai ajiya ke sanin cewa wani abu ya faru, da shi ne na bayanka ke tsira daga ɓata lokaci. Idan ka tarar da murfi ya tsage ko takarda ta cika ko ta jiƙe, akwai maɓallin sanar da mai ita. Akwai kuma akwatin saƙo na tambayar sa kai tsaye.

Game da madadi, masu Android suna da c:geo, manhaja ce ta kyauta da 'yan sa-kai suka gina, ba ta kamfanin ba, tana da ƙarfi wajen taswirar da ba ta buƙatar data, amma fuskarta cike take da saituna, sabon shiga zai iya ruɗewa. Masu iPhone suna da Cachly. Na'urar hannu irin eTrex ta Garmin tana jure ruwa da faɗuwa, wasu samfuranta suna yin kusan awa 25 da batir AA guda 2, amma ba ta zama dole ba sai ga mai yini ko kwana a daji.

Shawararmu: ka fara da asusun kyauta a turba mai sauƙi kusa da gari inda akwai sabis, ka gano ajiya 10, ka buɗe taswirar shafin intanet ka ƙirga nawa ne suke kan turbobin da kake bi kullum. Idan suna da yawa kuma mafi yawansu sun haura maki 2, ko sabis yana ɗaukewa a can, Premium ya cancanci kuɗinsa saboda taswirar turbobi da saukewa kawai. Idan 'yan kaɗan ne, kwafe lambobi daga shafin ya wadatar.

Kafin ka bar kowace ajiya, ka naɗe takardar yadda take, ka zuge ledar, ka danna murfin ta kowane gefe har ka ji ya kama, domin murfin da bai rufu ba shi ke kashe ajiyoyin daji da damina ɗaya. Ka jira masu wucewa su wuce kafin ka mayar, ka rufe ta da abin da ka tarar a kanta, sannan ka koma kan turba ka waiga: idan kana hango ta daga nan, ba ka gama ba.